Shari'ar Cindo Mai Fito

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a kotun garin, shi ya sa ko bayan ta ajiye aiki babu mai kiran ta da sunan yanka. Manya su ce Tafireta, yara su ce Inna Tafireta, ita kuwa duk ta amsa. Gaɓoɓin yatsunta sun kumbura saboda dukan maɓallai, gwiwarta ta hagu tana sanar da ita zuwan ruwan sama tun hadari bai haɗu ba, amma idonta ras yake, kanta kuma daram. In ka ba ta labari yau, bayan wata uku ka sake ba ta ka canja kalma ɗaya, sai ta tsayar da kai ta ce, "Ba haka ka faɗa ba wancan karon."

Ƙanenta ɗaya ne tal, malami ne a jami'ar da ke hayin kogi. Duniya tana ce masa Farfesa, ita ko Auta take ce masa, ko da a gaban ɗalibansa ne. Ita ta goye shi, ita ta raka shi makaranta ranar farko yana kuka yana riƙe da gefen zanenta, ita kuma ta buga masa kundin digirinsa na farko a tafiretar ofis lokacin hutun rana, shafi ɗari da arba'in babu gyara ko ɗaya.

Su biyun a kan cinyar kaka ɗaya suka ji labarin Cindo Mai Fito, kamar yadda kowane ɗan garin ya ji shi. An ce a shekarar babbar ambaliya kogi ya raba unguwar ƙasa da tudu, hukumar wancan zamani kuwa ta ɗaure babban jirgin fito da sarƙa ta sa kwado, ta ce kada kowa ya taɓa shi. Sai wani mai fito da ake kira Cindo, saboda yatsu shida da yake da su a hannun dama, ya zo ya tsinke sarƙar da hannu ɗaya. Ya yi ta jigilar mutane har dubu. A sawu na ƙarshe ruwa ya haɗiye shi, ya kwana bakwai a ƙarƙashin ruwa, a rana ta takwas wani farin kada ya goyo shi zuwa gaɓa, rigarsa a bushe ƙarau. Iyaye mata suna ba yara labarin don su yi barci, matuƙa suna rubuta sunansa a bayan motocinsu, babbar firamaren garin kuma sunansa take amsawa, har da hoton jirgi a bajen da ke ƙirjin rigar kowane ɗalibi.

Ana nan sai Farfesa ya fitar da littafi. Babi guda ya ware wa Cindo, ya ce babu wani mutum mai wannan suna da ya taɓa taka ƙasa. Dodon ruwa ne da kakannin kakanni suke yi wa tsafi tun kafin addini ya zo. Da aka bar bautar, sai mutane suka kasa rabuwa da shi, suka sa masa riga da hula suka mai da shi mai fito. Gidan rediyo ya gayyace shi, ya maimaita maganar cikin harshen da kowa zai fahimta, kafin sati ya zagayo kuwa gari ya ɗauka.

Tafireta tana tsakar gida tana shanya kaya 'yarta ta shigo, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ita ce shugabar wannan firamare, shekara huɗu ke nan.

"Inna, Kawu ya jawo mana," ta ce, ta jefar da jakarta a kan tabarma. "Kwamitin iyaye sun kira taro ranar Asabar ta sama. Wai ba za su bar 'ya'yansu suna yawo da sunan gunki a ƙirji ba. Yau yara goma sha ɗaya suka zo an yanke musu bajen da reza. Mai Kemis ne shugaban kwamitin, har ya gayyaci Kawu ya zo ya yi wa mutane bayani kafin a ɗaga hannu."

Tafireta ta matse rigar da ke hannunta, ta karkaɗe ta, ta rataya. "Autan ne ya ce gunki ne?"

"A littafi ma ya rubuta."

"Miƙo mini mayafina."

Ta same shi a ofishinsa, littattafai sun cika kanta har sun gangaro kan kujerar baƙi. Ya miƙe da sauri ya kwashe mata su, ya sa aka kawo shayi. Ba ta taɓa kofin ba.

"Auta, Kaka ƙarya ta yi mana?"

"Haba Yaya, wa ya ce ƙarya? Abin da ta ji ta faɗa." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Duba ki gani. Garuruwa uku da ke bakin kogin nan kowannensu yana da irin labarin. A can ma akwai mai yatsa shida, akwai kwana bakwai, akwai farin kada. Tsofaffin waƙoƙin masu tsafin ruwa, waɗanda aka rubuta tun kafin a haifi Kaka, suna kiran dodonsu mai hannun da ya fi na mutane. Wane ɗan Adam ne zai kwana bakwai a cikin ruwa ya fito a bushe? Kuma na je ma'ajiyar tsofaffin takardu da kaina. Wata biyu ina neman sunan Cindo, ko a gefen takarda ban gan shi ba."

"Da sunan Cindo ka nema?"

"To da wane suna zan nema?"

Ta dube shi kamar yadda take duban sabon akawu da ya sa takarda a kife cikin na'ura. Shi kuwa ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ki bar wannan. Harkar bincike ce, tana da ƙa'idojinta, ba abin da za ki wahalar da kanki a kai ba ne."

Da tattausar murya ya faɗa, shi ya sa ma ta fi yi mata ciwo. Ta miƙe ta gyara mayafi. A cikin motar haya, tun daga ƙofar jami'a har suka haye gada, abu ɗaya take juyawa a ranta: mutumin da ya karya kwadon hukuma, ko da ran mutum dubu ya ceta, hukuma ba za ta ƙyale shi ba. Ta zauna a kotu ta ga irin haka ba sau ɗaya ba. In har Cindo ya taɓa rayuwa, to an gurfanar da shi. Kotu kuwa ba ta rubuta laƙabi a bangon fayil, kuma akawunan da can ba da sunan mutum suke jera fayiloli ba, da nau'in laifi suke jerawa.

Washegari ta sa tsohuwar riga ta nufi tsohon ginin kotu da ke bakin kogi. An daɗe da komawa sabon gini, wannan an bar shi sito. Mai gadin takardun tsohon masinjanta ne, wanda har yanzu kowa ke kira Masinja duk da furfura ta cinye masa kai. Da ya hango ta sai ya miƙe tsaye kamar alƙali ne ya shigo.

"Ranki ya daɗe! Ashe za a sake ganinki a nan?"

"Ga ni kuwa. Ina ka zuba fayilolin ɓarnata kayan hukuma? Na can da nake nufi, masu jan zare."

Ya yi dariya har da tari. "Farfesa ma ya zo bara, amma a ɗakin gaba ya tsaya, wurin littafin jerin sunaye. Na ce masa akwai na ciki, ya ce ba sai ya shiga ba. Ai rabin abin da ke ciki ba ya cikin littafin nan."

Ya buɗe mata ɗakin ciki. Taga ɗaya ce, ƙarama, can sama. Fayiloli a ɗaure dami-dami tun daga ƙasa har rufi, waɗansu gara ta yi musu hanya, waɗansu ɓera ya yi sheƙa a tsakaninsu. Warin tsohuwar takarda da danshi ya doki hancinta, ta yi atishawa uku a jere. Masinja ya kawo mata benci da tsumma ya ce ta ɗaure hancinta.

Matsalar ita ce ba wanda ya san shekarar ambaliyar. Kowa cewa yake yi zamanin kakanni. Kwana biyu ta yi tana buɗe dami tana rufewa ba ta san inda ta dosa ba. A rana ta uku ta lura da wani abu. Akwai jerin damman da ƙasansu ya yi jirwaye, alamar ruwa ya taɓa jiƙa su har rabi suka bushe. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba kwanan wata. Duk takardar da ta girmi wata damina tana da jirwayen, duk wadda ta zo bayanta kuwa fes take. Ta zauna a kan benci ta yi wa kanta dariya. Kogin da kansa ya bar mata shaidar ranar da ya shigo kotu.

Daga nan aikin ya ragu, amma bai yi sauƙi ba. Damman wannan shekarar suna can saman kanta, Masinja ne ke hawa tsani yana sauko mata da su, ita kuma tana kwance zaren a hankali don takardun sun yi laushi, ka ja da ƙarfi su rabe. Ta ga wanda ya sare itacen bakin hanya, ta ga wanda akuyarsa ta ci furen gidan wani jami'i, ta ga wanda ya cire ƙusoshin gada. Kullum da la'asar takan koma gida baƙi ƙirin da ƙura, gwiwa a kumbure. 'Yarta ta dafa ruwa ta gasa mata, tana cewa, "Inna, ki haƙura. In sun canja sunan su canja, lafiyarki ta fi."

"Gasa mini nan ƙasa," kawai take cewa.

Ranar Alhamis, kwana na tara, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ta kwance wani siririn fayil mai shafi bakwai. Layin farko ta karanta ta gyara zama. Ƙara ce hukuma ta shigar a kan wani mai fito, bisa laifin karya kwadon jirgin gwamnati da ɗaukarsa ba da izini ba. Ta juya shafi na biyu, inda ake rubuta kamannin wanda ake tuhuma. Ta karanta, ta sake karantawa tana bin layin da yatsa. Da ta isa shafin hukunci ta ga abin da alƙali ya rubuta, sai ta ajiye fayil ɗin a cinya ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Masinja ya sauko daga tsani a firgice yana tambaya ko kunama ce. Ba kuka take yi ba, dariya ce ta ci ƙarfinta, hawaye na zuba a kan tsumman da ke fuskarta.

Ba ta so ta kunyata ɗan'uwanta a bainar jama'a. Da aka yi mata kwafi, magatakardan sabuwar kotu ya buga hatimi a kowane shafi, sai ta kira Auta a waya. Yana wani gari wurin taro, hayaniya ta cika bayansa.

"Auta, na samo wata takarda, ya kamata ka gani kafin Asabar."

"Yaya, ana jirana yanzu. Mu haɗu a makarantar, ma yi magana bayan an tashi."

"To, shi ke nan," ta ce. "Kar dai ka ce ban gaya maka ba."

Ranar Asabar tun ƙarfe tara zauren makarantar ya cika. An kwaso bencina daga azuzuwa, manyan mutane sun zauna a kujerun yara gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Waɗanda ba su sami wuri ba suka jeru a tagogi. Mai Kemis ya buɗe taro. Mutum ne mai natsuwa, ya ce shi ba faɗa ya kawo ba, shi ma da labarin Cindo ya tashi, amma in ta tabbata abin bauta ne na mutanen da, to ba zai iya kallon 'yarsa tana fita kullum da sunansa a ƙirji ba. Mutane da yawa suka gyaɗa kai.

Farfesa ya karɓi lasifika ya yi magana ta rabin awa, kuma ya iya magana. Ya kawo labarin garuruwan nan uku, ya karanto baiti biyu na tsohuwar waƙar masu tsafi, ya nuna zanen wani hannu mai yatsa shida da aka tono a jikin dutse can sama da kogi. Ya ce shi bai nemi a canja sunan makaranta ba, aikinsa kawai ya faɗi abin da bincike ya nuna. Tafireta tana benci na uku tana sauraro, har ta kama kanta tana jin daɗin yadda yake jera magana. Da ya zauna, zauren ya yi tsit irin na mutanen da suka riga suka yanke shawara.

"In babu mai magana, sai mu ɗaga hannu," in ji Mai Kemis.

"Akwai."

Ta dafa kafaɗar matar da ke kusa da ita ta miƙe. Ta taka a hankali zuwa gaba da ambulan a hammata. Aka miƙa mata lasifika ta ture shi, ta ce ta yi shekaru tana karanta wa kurame takardar sammaci, muryarta ta isa.

"Auta," ta ce, zauren ya ɗan yi dariya, "tambaya uku zan yi maka. Ana kai dodon ruwa kotu?"

Ya yi murmushi. "A'a, Yaya."

"Yana aron guduma?"

"Ban taɓa ji ba."

"Ana auna tsawonsa da ma'auni a rubuta cewa haƙorinsa na gaba ɗaya ya karye?"

Murmushin ya fara janyewa daga fuskarsa. Ta zaro takardun, ta sa tabarau, ta koma muryarta ta aiki, wadda ba ta hawa ba ta sauka. Ta karanta lambar ƙara da kwanan wata, wata biyu bayan ambaliya. Ta karanta sunan yankan wanda ake tuhuma, suna ne gama-gari, maza uku a zauren suka waiga don nasu ne. Sana'a, fito. Shekaru, kimanin arba'in. Gajere, mai faɗin kafaɗa. Sannan ta ɗaga kai ta dubi jama'a ta karanta layi na ƙarshe ba tare da ta kalli takardar ba: yatsu shida a hannun dama, abokan sana'arsa suna kiran sa Cindo.

Wani daga taga ya yi salati da ƙarfi. Hayaniya ta tashi, Mai Kemis ya yi ta buga tebur.

"Ku saurara, da sauran magana," ta ce. "Ba da hannu ya tsinke sarƙar ba, guduma ya ara wurin maƙeri. Ba mutum dubu ya kwasa ba, sittin da uku ne, a sawu tara. Alƙali ya tambaye shi me ya sa bai nemi izini ba. Ga amsarsa, yadda akawu ya rubuta: 'Sau biyu na je neman mai makulli, aka ce ya hau tudu da makullin a aljihu. Ruwa kuwa ya kai wa yara wuya.' Aka tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce, 'Gudumar ta faɗa ruwa, har yau kunyar mai ita nake ji.'"

Zauren ya fashe da dariya, irin dariyar da ke zuwa da ƙwalla. Farfesa ya miƙe, ya zo kusa da ita yana leƙa takardar ta saman kafaɗarta.

"Yaya, na ji wannan. To kwana bakwai a ƙarƙashin ruwa fa? Wannan ai ba..."

"Zauna, zan zo wurin." Bai zauna ba. Ta juya wajen jama'a. "Akwai wanda ya taɓa aiki a tsohuwar kotu a nan? Masinja, ina kake?"

Masinja ya ɗaga hannu daga can baya.

"Ɗakin da ke ƙasan ginin, wanda ake sauka da matakala goma sha biyu, inda ake tsare masu ɗan gajeren hukunci, bangonsa kullum yana tsatsafar ruwa don ya fi kogi zurfi. Me muke ce masa?"

"Ƙarƙashin Ruwa!" in ji Masinja, sai kuma ya dafe kai da hannu biyu, don sai a lokacin shi ma ya gane.

"Alƙali ya rubuta cewa doka ta ɗaure masa hannu, dole ya hukunta shi, amma zai ba shi mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda. Kwana bakwai." Ta cire tabarau. "Ni kaina na buga wa mutane fiye da ɗari takardar zuwa Ƙarƙashin Ruwa, kuma duk da rigarsu a bushe suka fito. Shekara talatin da ɗaya ina faɗin sunan nan da bakina, ban taɓa haɗa shi da labarin Kaka ba sai shekaranjiya."

Abin da ya biyo baya ba a iya kiran sa tafi kawai. Mutane suka miƙe, bencina suka kife, mata suna rungumar juna, waɗanda ke tagogi suna ba na bayansu labari da ihu. 'Yarta tana gefen allo ta rufe fuska da gyale. Tafireta ta tsaya a tsakiyar wannan hargowa da takardu a hannu, ta ji ciwon gwiwar ya tafi kamar ba a taɓa yin sa ba.

Farfesa ya karɓi shafukan ya karanta su a tsaye, tun daga na farko har na bakwai, ya duba hatimin, ya koma shafi na biyu. Da hayaniya ta lafa ya ɗauki lasifika.

"Jama'a, na ce babu mutum mai wannan suna. Na yi kuskure, ga shi a rubuce. Ban shiga ɗakin da ya kamata in shiga ba." Ya juya wajenta. "Amma Yaya, farin kadan nan ba ya cikin takardarki. Kuma waƙoƙin da na karanta sun girmi wannan shari'a da shekaru masu yawa. Mutane sun ga mai yatsa shida ya yi abin da ya gagari kowa, sai suka ɗauko tsohon labarin da suka gada suka yafa masa. Wannan ɓangaren ina nan a kan bakana."

"Kadan na bar maka," ta ce. "Ka kai shi jami'a ku yi ta kiwo. Mu mutumin muke so."

Aka sake kwashewa da dariya, har da shi. Mai Kemis ya ce to shi dai tambayarsa ta sami amsa. Mutumin da aka auna tsawonsa aka tsare shi kwana bakwai ba gunki ba ne, kuma duk wanda ya yanke wa ɗansa baje ya je ya nemi allura da zare. Aka ɗaga hannu don cika ƙa'ida. Mutum biyu ne kawai suka nemi a canja sunan, ɗayansu ma da ya waiga ya ga yadda zauren yake sai ya mai da hannun yana sosa ƙeya.

Har an fara shirin tashi wata tsohuwa mai sayar da gawayi ta matso gaba tana dogara sanda.

"Baiwar Allah, mutum sittin da ukun nan, an rubuta sunayensu?"

"An rubuta, Iya. Shafi biyu ne, don dukansu sun zo kotu sun ce a sa su cikin shaidu."

"To karanta mana."

Tafireta ta mai da tabarau. Farfesa ya riƙe mata sauran shafukan, ya tsaya a gefenta. Ta fara karantawa, suna da sana'a da unguwa, yadda akawu ya jera. A suna na huɗu wani tela ya ce, "Kakan babana ne!" A na tara mata biyu da ba su san juna ba suka amsa tare, suka juya suna kallon juna. Mai gawayi ta jira har na talatin da takwas, wata mace da jariri a goye, sannan ta ce a hankali, "Jaririn nan shi ya haifi uwata," ta nemi benci ta zauna. Mai Kemis da kansa ya amsa a na hamsin da biyu, ya ciro hankici yana goge tabarau da ba su yi datti ba. Waɗansu sunayen ba wanda ya amsa su, takan ɗan dakata a kansu kafin ta wuce. Sai da rana ta take tsaka aka gama, ba wanda ya fita.

Farfesa ne ya mai da ita gida a motarsa. Sai da suka tsaya a mahaɗar hanya suna jiran wata babbar mota ta wuce ya ce, "Yaya, damman nan na ɗakin ciki, kamar nawa ne?"

"Sun fi dubu."

"Kuma ba wanda ya taɓa karanta su?"

"Gara ta karanta waɗansu."

Ya yi dariya, ya sa giya. "Garuruwan nan uku, su ma kowannensu yana da tsohuwar kotu. Ina so in san ko nasu masu yatsa shidan mutane ne, ko labarin namu ne ya bi ruwa ya same su. Ni kaɗai ban san ta inda zan fara ba. Za ki zo?"

Ta gyara zama, ta miƙe ƙafar da ke ciwo, wadda yanzu ta dawo da aikinta.

"Litinin ƙarfe takwas ka zo ka ɗauke ni. Da namu za mu fara, in koya maka kwance zare tukuna. Kuma kar ka sa farar riga."